Zancen Asusu: Ba a fafe gora ranar tafiya, ba a fara saƙa ranar ɗari

Ƴan'uwa mata na asusu, na cikin garin Gaya da na Tanda, Tunuga, Bengu, Bana, Yelu, da duk inda wagga takarda take isa. Allah ya sa albarka ga abin da anka samu, ya mayar ma waɗanda ruwa ya yi ma ɓarna da mafi alheri. Wadda ta iya karatu ta daure ta karanta ma wadda ba ta iya ba, kamar yadda munka saba.

Wancan watan mun yi zancen tara ta makara wajen taro. Wanga watan zancen saƙa za mu yi, saƙar zaren ulu da tsinke biyu ko da kwarashi. Dalili kuwa shi ne wata uku ya rage ɗari ya shigo, kuma mun ji ƙungiyoyi biyu na shawarar ɗaukar bashi cikin akwati don su sayi zare. Kafin ku buɗe kwaɗo, ku saurari abin da ya same mu bara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yadda abin ya faro

Mu 28 ne cikin asusunmu, muna haɗuwa kowace Alhamis bayan la'asar. Cikinmu akwai mata shida da sunka iya saƙa. Wata ta koya gidan koyar da mata sana'a tun tana budurwa, wata wurin kishiyar uwarta, sauran kuma wurin waɗannan biyun. Shekara da shekaru abin sha'awa ne kawai. Mace ta zo taro da curin zare cikin leda, ana zubi ana ƙirga kuɗi, ita hannunta na tafiya. In jikanta ya samu hula, ko ɗiyar maƙwabta ta samu safa, shi ke nan, kowa ya yaba, ita kuma ta ji daɗi.

Kun san abin da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023. CEDEAO ta sa ma ƙasarmu takunkumi, anka rufe gadar Malanbil, anka rufe hanyar Kamba. Mu mutanen Gaya ba sai an ba mu labari ba. Garin da ke ci daga bakin iyaka, ranar da iyaka ta rufe kowa sai ya ji a tukunyarsa: mai abinci bakin tasha, mai kabu-kabu, mai dako, har mai sayar da ruwan sanyi.

Cikin wannan hali ne wata dabara ta zo muna. Munka ce: ai gwanjon da ke cika kasuwarmu daga tashar jirgin ruwan Kwatano yake fitowa, ta bisa gada yake shigowa. Tunda gada ta rufe, bana rigunan sanyi na gwanjo za su yi wuya. In munka saƙa namu, dole a saya. Magana ta yi daɗi a baki, kowa ya ce haka ne. Ƙarshen watan Nuwamba mata biyar sunka nemi bashi, jikka goma-goma, na wata uku. Mu da ke riƙe da shugabanci ba mu tambayi kome ba. Munka ce a buɗe akwati. Laifin farko namu ne, kuma mun faɗe shi gaban taro.

Lissafin da ba mu yi ba

Ga lissafin nan kamar yadda yake cikin kayenmu. Mun rubuta shi da sefa, wadda ta saba ƙirga da dala sai ta raba biyar.

Curin zaren da muke saye 500, lokacin ya koma 750, don shi ma baƙo ne, ta iyakar da ta rufe yake shigowa. Wannan ba mu tuna da shi ba. Da sefa 10,000 kowace mace ta samu curi 13, canjin 250 ta sayi maɓalli. Rigar sanyi ta yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ta ci curi 6. Ke nan riga biyu kowace mace, da curi guda da ya rage na hula.

Zaren riga guda ya tashi 4,500. Dokar asusunmu kashi 10 cikin 100 ake ɗorawa kowane wata, wato 3,000 bisa jikka goma cikin wata uku. In an raba ma riguna biyu, kowace ta ɗauki 1,500. Kun gani, riga ta kai 6,000 tun ba a sa ladar hannu ba, ba a sa kuɗin pil ɗin fitilar da anka ƙone da dare ba.

Sai lokaci. Macen da ke daka, ta ɗebo ruwa, ta yi tuwo, ta je fadama, ba ta samun zama sai bayan isha'i. Riga guda ta ci kusan sati huɗu. Ta farko ta fito ƙarshen Disamba, ta biyu sai ƙarshen Janairu, wata ma har cikin Fabrairu. Mu kuwa nan Gaya ɗarinmu gajere ne, ba irin na Agadas ba. Kafin a gama riga ta biyu, yara sun fara tuɓe ta farko.

Gwanjo kuma bai ɓace ba. Akwai wanda ke jibge cikin manyan ɗakunan ajiya na garin nan tun kafin a rufe, kuma kowa ya ga yadda kwale-kwale ya ci gaba da ƙetaro kaya ta gulbi. Ya ɗan ƙara kuɗi, amma uwa tana samun rigar sanyin ɗanta da jikka guda ko jikka da rabi. Wa zai bar wannan ya sayi tamu 6,500? Mata su ɗauka, su jujjuya, su ce "kai, hannunki na da kyau", su aje.

Ƙarshenta cikin riguna goma, huɗu anka sayar kuɗi hannu, 4,000 kowace, ƙasa da kuɗin zarenta. Uku dangi sunka ɗauka bashi. Uku suna nan cikin akwatin tufafi har yau. Huluna biyar ɗin nan da anka yi da ragowar zare su ne sunka tafi nan da nan, jikka guda-guda. Duka abin da ya shigo hannu 21,000. Abin da akwati ke bi 65,000.

Akuyar da ta tafi

Asusunmu yana rabo kafin azumi, don kowa ta samu na sukari da na gero. Azumin ya kama cikin watan Maris 2024, ke nan dole kowane bashi ya komo farkon watan. Mata huɗu sunka cike daga wata sana'ar, wagga daga ƙosai, waccan daga turaren shinkafa. Ta biyar ba ta da wata sana'a. Mijinta dako yake yi bakin gada, tun da anka rufe yake zaune. Rigunanta biyu duka dangin miji sunka ɗauka, "sai an kwana biyu". Wace mace ce za ta tsaya ƙofar uwar mijinta tana bin bashi? Jikka guda ta hula ce kawai hannunta, ana bin ta 13,000.

Ba ta gaya ma kowa ba. Ta ja ƴar akuyarta, wadda ta saya da rabon shekarar da ta wuce, ta kai kasuwa. Ta zo ranar Alhamis ta aje kuɗin bisa tabarma cif-cif, anka rubuta, anka yi rabo. Daga ranar ba mu sake ganinta ba har sati huɗu.

Munka tashi mu uku munka same ta gida. Bayan gaisuwa babbarmu, wadda duk muke ce ma Inna, ta ce mata: "Ɗiyata, mi munka yi miki?" Ta sunkuyar da kai ta ce: "Inna, ba ku yi mini komi ba. Kunya nike ji. Kowa ya san ni ce na sai da akuya saboda zare." Inna ta ce: "Ke kinka sai da akuya, amma mu ashirin da bakwai munka ce a buɗe akwati. In kunya ce, a raba ta ashirin da takwas, ki ɗauki taki guda ki taho taro." Ta yi dariya da hawaye. Alhamis ta gaba ta zo.

Asusun Mata Masu Dubara, tun da CARE ta fara shi a jihar Maraɗi a 1991, an kafa shi ne don mace ta samu akuya, ta samu abin kanta. Ranar da bashin akwati ya fitar da akuya daga gidan mace, to mun juya abin baya. Shi ya sa muke wanga rubutu.

Injin ya riga mu

Wata malama da ke taimaka muna da karatun yaƙi da jahilci ta ba mu tarihin da ya buɗe muna ido. Saƙar tsinke tsohuwar aba ce. Mafi tsufan safar saƙar tsinke da anka tono a ƙasar Masar take, ta zaren auduga fari da shuɗi, ta kai shekara 800 ko fiye, wasu har da ado mai kama da rubutun Larabci. Ke nan ba aikin Nasara ba ne tun asali kamar yadda muke zato. Amma tun 1589 wani mutumin Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa. Yau shekara sama da 400 ke nan inji na tsere da hannu. Rigar gwanjon da ke kasuwarmu inji ya saƙa ta, wani ya saya ya sa a Turai ko Amurka, ya gaji ya bayar, anka ɗaure ta cikin dila anka auna da kilo. Kuɗinta an riga an biya can. Mu da ke saye curi-curi muna saƙa ido-ido ba mu iya karya mata kuɗi ko da za mu kwana zaune.

Kakanninmu sun ga irin wannan. Su ne masu gurzar auduga, su yi shiɓa, su kaɗa zare da mazari da alli, a kai ma masaƙi. Da yadin kanti ya cika kasuwa, kaɗi ya ja baya. Abin da ya tsira shi ne wanda inji bai iya maye gurbinsa: zanen saƙi na aure, bargon tera-tera da ake kai ma amarya. Ana sayensu don daraja da zumunci. To haka saƙarmu take. Inda za ta ci shi ne inda gwanjo ba ya shiga.

Inda saƙa ke ci

Gwanjo ba ya shiga kayan barka. Ba macen da za ta je biki ta miƙa ma mai jego hular da wani jariri ya taɓa sawa. Sabuwa ake so, mai kyan launi, a ce wance ce ta saƙa. Kuma haihuwa ba ta jiran ɗari, kowane wata ana yi.

Ga lissafin da munka gwada bana. Hula da safa na jariri suna cin curi guda, ko da an saye shi 750. Aikin dare biyu ne. Ana saye 1,500 ba gardama. Riba 750 cikin dare biyu. Dare 28 da riga guda ta cinye ta bar mu da hasara, da kayan jarirai anka yi da an samu abin sawa cikin akwati. Sai dai kar mu ruɗi kanmu: masu saye ba su da yawa kamar masu sayen ƙosai. In mata goma sunka faɗa ma hular jarirai cikin unguwa guda, kowa zai zauna da tasa. Ƙaramar sana'a ce ta ƙari, ta kuɗin zubin sati da sabulu.

Bayan kayan jarirai, waɗannan ma sun tafi: hular ƴan lakwal mai rufe kunne, hular masu kabu-kabu da masunta masu fita da asuba, ƴar jakar salula mai igiya, da marfin kwano na ɗakin amarya. Dukansu ƙanana ne, curi guda ko biyu, kwana biyu ko uku. Babbar riga kuwa, sai wadda anka ce a yi, anka ba da kafin alƙalami.

Dokokin da munka sa ma kanmu

Bayan salla munka zauna munka yi shawara, magatakarda ta rubuta cikin kaye. Ba mu ce dole kowace ƙungiya ta bi ba, amma ku duba.

Na ɗaya, duk mai neman bashi don sana'a sai ta amsa tambaya huɗu gaban taro: nawa kayan za su ci, kwana nawa aikin zai ɗauka, wa zai saya, nawa ake sayar da irinsa kasuwa yau. In ba ta sani ba, ta je ta tambayo ta komo Alhamis mai zuwa. Ba wulaƙanci ba ne, kariya ce gare ta.

Na biyu, bashin zare ba ya wuce 3,000 karon farko. In ta sayar ta biya, a ƙara mata.

Na uku, abin da ya wuce curi biyu ba a fara shi sai mai shi ya ba da kuɗin zare. In ya fasa, zarensa ne, ladar hannu kawai anka rasa.

Na huɗu, abin da anka saƙa da kuɗin akwati ba a ba da shi bashi, ko ga wa. Wagga doka ta fi kowace amfani, don ta ba mace abin faɗi. In dangin miji sun miƙo hannu sai ta ce: "Wallahi ba nawa ba ne, na asusu ne, mata 28 ke da shi." Ba wanda ya ji haushi. In kyauta kike son yi, ki yi da zaren da kinka saya da kuɗinki, ki ba da da zuciya guda.

Na biyar, kayan ɗari ana fara su tun cikin damina, a gama kafin ƙarshen Nuwamba. Wadda ba ta fara ba har yanzu, ta tsaya ga huluna.

Zare mai araha

Hanyar Kamba ta buɗe tun watan Maris 2024, gadar Malanbil kuwa ta ci gaba da zama a rufe wannan shekarar. Masu zuwa Kamba da Birnin Kabi suna kawo zare, kuma in ƙungiyoyi biyu ko uku sunka haɗa kuɗi anka sayo fakiti, ya fi sauƙi bisa curi-curi. Ku sayi launi guda isasshe lokaci guda, don in ya ƙare kinka koma, da wuya ki samu wanda ya yi daidai da na farko.

Amma ga dabarar da ta fi ba mu dariya: gwanjon da ya kashe muna kasuwa shi ne yanzu yake ba mu zare. Babbar rigar sanyi ta manya, wadda ba mai so don ta yi girma ko ta huje a hannu, ana samunta da araha, kuma zaren da ke cikinta ya fi curi da yawa. Ga yadda ake yi.

Ki juya rigar ki dubi ɗinkin gefe. In kin ga an yanke bakin saƙar an bi shi da ɗinkin inji mai kama da na bakin yadi, ki aje, zarenta guntu-guntu zai fito. In bakin saƙar lafiyayye ne, an haɗa gefe biyu da zare guda mai kama da sarƙa, ita ce taki. Ki kwance ɗinkin, ki raba hannuwa da gaba da baya. Ki fara warwara daga sama, wajen kafaɗa, kina naɗewa ga ƙafafun kujera. Ki ɗaure naɗin wuri huɗu don kar ya harɗe. Ki jiƙa cikin ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, kar ki cuɗa, ki matse a hankali, ki rataye cikin inuwa. In ya bushe lanƙwasar ta ragu, sai ki dunƙule. Zaren da ya yi siriri ki haɗa biyu.

Ki kuma san irin zaren da ke hannunki. Ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi ga ashana, nesa da yara. In ya yi warin gashin da ya ƙone, ya bar baƙin abu mai murmushewa, gashin tunkiya ne na gaske. In ya yi warin takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri kamar leda, na roba ne, daga man fetur anka yi shi. Yawancin wanda muke saye kasuwa muna ce mishi ulu, na roba ne.

Wannan sanin ba na wasa ba ne. Lokacin ɗari muna kwana da kaskon garwashi, yara suna jin ɗumi bakin murhu. Zaren roba in ya kama wuta narkewa yake ya manne ga fata. Yaron da ke sanye da irin wagga riga a ja shi nesa da wuta, kuma duk wadda kinka sayar ma, ki gaya mata.

Hular bakwaini

Akwai saƙar da ba mu sa ta cikin lissafi ba. Cikin ɗarin nan na bara ɗiyar wata ƴar asusunmu ta haifi bakwaini, bai kai kilo biyu ba. Ungozomar likita ta ce a sa mishi hula. Anka duba hulunan kasuwa duka, kowace sai ta rufe mishi fuska. Cikin dare guda ɗaya daga cikin masu saƙarmu ta yi mishi wadda ba ta fi lemun zaƙi girma ba. Wacce ce? Mai akuyar nan. Lokacin tana tsakiyar damuwar bashinta, ba ta karɓi ko dala ba. Yaron yana nan, ya fara zama.

Ba hula kaɗai ta raya shi ba, Allah ne, sannan kulawar likita da ƙirjin uwarsa. Amma ga abin da ungozoma ta koya muna, ku riƙe. Jariri kansa babba ne in an gwada da jikinsa, kuma ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, shi ya sa yake saurin yin sanyi, balle wanda anka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'aunin likita. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a goge jariri a rufe shi da zarar an haife shi, a jinkirta wankan farko har awa 24. Ga ƙaramin jariri kuma akwai goyon ƙirji, wanda ake ce ma kangaru. Wani likita mai suna Edgar Rey ya fara shi a 1978 a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, don kwalaben ɗumama jarirai sun yi musu kaɗan. Ana kwantar da jariri tsakanin nonon uwa, fata da fata, daga shi sai ƙyallen gindi da hula da safa, a ɗaure da zane, a rufe su tare. In uwa ta gaji, uba ko kaka su karɓa.

Hular jariri a yi ta da zare mai laushi, a wanke kafin a sa. Ban da igiya ƙarƙashin haɓa, ban da duwatsun ado ko maɓallin da zai iya cirewa. Kar ta matse, kar ta sauko bisa hanci. Lokacin zafi kuma kar a dinga naɗe lafiyayyen yaro cikin ulu don ado, zafi ma yana cutarwa. In kin taɓa jariri kin ji ya yi sanyi, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa ya sake, ba zancen hula ba ne, a kai shi likita nan take.

Saboda wannan munka yanke: kowace mai saƙa cikinmu za ta yi ƙananan huluna biyu kafin Disamba, da ragowar zare, a aje wurin ma'ajiya. Duk wadda ta haifi ƙaramin jariri cikin unguwa, ƴar asusu ce ko ba ita ba, a kai mata kyauta. In wasu ƙungiyoyi sun yi haka, ba bakwainin da zai rasa hula garin nan bana.

Wadda ba ta kasuwa ba

Da muna wagga shawara, Inna tana gefe tana saƙa wani abin naɗe wuya da ta fi wata biyu tana yi. Wata yarinya cikinmu ta ce: "Inna, ke nawa za ki sai da naki?" Ta ce: "Wanga? Ba shi da kuɗi. Tun da Malam ya rasu, in dare ya yi tsawo shi ke taya ni hira. In na gama sai in warware in sake."

Kowa ya yi shiru. Mu da ke ta zancen riba da hasara mun manta da abin da ya sa munka fara. Mace tana da haƙƙin ta yi abu don yana mata daɗi. Tun asuba hannunmu na aikin wasu ne, na miji, na ɗiya, na baƙi. In akwai awa guda da hannun zai yi abin da ransa ke so, kar mu yarda a ce sai ya kawo kuɗi. Abin da muke roƙo kawai, ki san wacce kike yi. In ta sha'awa ce, ki sayi curi guda da canjin cefane, ki saƙa a hankali, ba mai bin ki. In ta sana'a ce, ki ɗauko kaye da bik kafin ki ɗauko tsinke. Haɗa su biyun ba tare da lissafi ba shi ya ci muna akuya.

Game da akuyar, mun yi karo-karo daga aljihunmu, ba daga akwati ba, 500 kowace mace. Ba ta isa sayen irin waccan ba, amma an samu ƴar ƙarama, kuma mai ita ta cika da kuɗin hulunan barka da ta sayar. Yanzu ita ke koya ma ƴanmata huɗu kwarashi ranar Asabar.

Duk ƙungiyar da ke son a nuna mata warwarar gwanjo ko awon hular bakwaini, ta gaya ma mai kawo muku wagga takarda, za mu aiko mace biyu ranar taronku. Ku tanadi tsohuwar rigar sanyi guda da almakashi. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen ajiyar shinkafa da wake: a sayar yanzu ko a jira bazara, da abin da ƙwari ke ci in an jira.

Allah ya ƙara muna dubara, ya rufa muna asiri, ya buɗe muna iyaka cikin alheri.